Gwiwar Farin Zalɓe

Duk shekara idan damina ta fara naɗe tabarmarta, nakan ƙirƙiro wa kaina dalilin zuwa Gwaram. Wata shekarar in ce zan duba gonar gado, wata shekarar in ce akwai gaisuwar da ban yi ba. Maiɗakina ta daɗe da gano ni. Da ta ga ina goge babur takan ce, "Malam, za a je gaida tsuntsaye ke nan?" Ba na musa mata, don gaskiya ta faɗa.

Ina da shekara bakwai aka kai ni wurin kakata Iya Yalwa, mahaifiyar Babana, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Zandam. Mu a Birnin Kudu muke zaune, Baba yana ɗinki a bakin kasuwa. Innata ta haifi tagwaye, ciwo ya kwantar da ita, ni kuwa ba irin yaron da ake bari kusa da mara lafiya ba ne. Ga ƙiriniya, ga rigima, ga fushin da idan na ɗauke shi sai in wuni ban ce wa kowa uffan ba. Muka hau mota zuwa Gwaram, muka ƙarasa sauran tafiyar a ƙafa. Da Baba zai juya na riƙe masa riga, ya ɓamɓare hannuna a hankali ya ce, "Ruwa na janyewa Baffanka zai kawo ka gida." Na duba gabas na duba yamma, ban ga ruwan da ake magana ba.

Ashe mun taka ta kansa ban sani ba. Tsakanin ƙauyen da hanyar mota akwai wata fadama mai faɗi, wadda ranar muka ratsa ta a bushe, ƙasarta duk ta tsattsage. Ruwa uku aka yi masu ƙarfi ta cika ta batse. Ba a sa mata kwale-kwale saboda ciyawa da taɓo. Ƙarti ne kawai ke haye ta, su ma sai dole ta yi dole, su ɗora tufafinsu a ka, ruwa iya ƙirji. Mata da yara da tsofaffi kuwa, inda damina ta same su nan take barin su.

Iya Yalwa 'yar gajeriyar tsohuwa ce, haƙoranta sun ƙare sai goro gogagge take ci, amma idonta ya fi na kowa a gidan gani. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Maigida take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika. "An ce an kawo mini miji," in ji ta ranar farko, "ashe mijin ko tazugen wandonsa bai iya ɗaurewa ba." Gidan ya ɗauki dariya, ni kuwa na cika na yi fam. A gidan akwai Baffa Isa, ƙanen Babana, da matarsa Hansai da 'ya'yansu uku, amma ni a ɗakin Iya nake kwana.

Da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya don hayaƙin ya kori sauro. Mu kewaye ta, idanunmu na ta hawaye, tana juya mana masara ko gyaɗa a cikin rushi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Mu amsa, "Ga namu nan!" Da an kira isha'i kuma ta tashe mu, ko da labari yana tsakiyar daɗinsa. Sauran yaran labarin suke bi. Ni tambaya ɗaya nake zuwa da ita kullum, wato yaushe ruwa zai janye. Ina kewar Innata ƙwarai, har nakan juya wa bango fuska in yi kukana ba sauti don kada a yi mini dariya.

Wata magariba da na sake tambayar, Iya ta dube ni ta daɗe, sannan ta buga sanda.

Ta ce a can da, Balbela da Zalɓe uwarsu ɗaya, ita ta ɗinka musu fararen riguna iri ɗaya. Wata rana uwar ta haye fadama neman abinci, kafin ta juyo ruwa ya sauko ya raba su. Suka zauna a bakin ruwa suna kuka. Balbela ba ta da haƙuri. Da ta ga shanu za su shiga ruwa sai ta yi tsalle ta haye bayan wata saniya, ta ce wa ɗan'uwanta shi ya yi ta zama. To, saniya ba wurin uwar Balbela za ta ba, wurin ciyawa za ta. Ta fito da ita wani gefe daban, daji ya rikice mata. Shi ya sa har yau take bin shanu a baya tana leƙa bakinsu, tana tambayarsu hanya, su kuwa ko a jikinsu.

Shi Zalɓe sai ya sa ƙafa ɗaya a ruwa ya tsaya. Idan ruwa ya ja da taki ɗaya, ya matsa da taki ɗaya. Idan bai ja ba, ya ɗage ƙafa ya jira. Taɓo ya rina masa ƙafafu suka yi baƙi, tsayuwa ta ja su suka yi tsawo, leƙen tsallake ya miƙar masa da wuya. Iya ta miƙe wuyanta ta ɗage ƙafa ɗaya tana zaune, muka yi ta ƙyalƙyala dariya. Tana kawowa inda Zalɓe ya iso tsakiyar fadama sai ladan ya ɗaga murya.

Na ce, "Iya, ya isa wurin uwar tasa?"

Ta ce, "Kai Maigida, ka cika gaggawa kamar Balbela. Tashi ka yi alwala."

Washegari da hantsi ta ja ni bakin fadama, wurin mashigin da ake bi, ta nuna mini abin da mutanen ƙauyen suka gada tun kaka da kakanni. Ta ce farin zalɓe ba ya iyo, tsayawa yake da ƙafarsa. Saboda haka duk inda ka gan shi tsaye, ya gaya maka zurfin wurin. Da tsakiyar damina ba ka cika ganinsa ba, ruwa ya yi masa yawa, kifi ya watsu. Idan sama ta fara ɗaukewa sai su soma zuwa ɗaya-ɗaya, suna bin gefe. Ruwa na raguwa, kifi da kwaɗi na taruwa wuri ɗaya, su kuma suna ƙaruwa suna matsawa ciki. "Ranar da ka ga sun jeru tun daga nan har waccan bishiyar giyayya ta tsallake," in ji ta, "kuma kana hango gwiwar na tsakiya a waje, to ranar ko kai sai ka haye. Amma guda ɗaya ba shaida ba ne. Ka ji ni? Sai sun yi yawa."

Tun daga ranar na zama mai gadin fadama. Kwana biyu da maganar na shigo gida a guje ina ihu sun zo, sun zo, sun fi ashirin. Iya ta ɗauki sanda ta biyo ni. Da ta ga abin da nake nunawa sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Balbelu ne ke kiwo a bayan shanun Fulani. "Waɗannan gajerun?" ta ce tana share ƙwalla. "Waɗannan ai su ma hanyar suke nema." Ta koya mini bambancin: nawa dogo ne, tsayinsa ya kusa nawa, bakinsa rawaya, ƙafarsa baƙa, wuyansa a lanƙwashe, kuma ba ruwansa da saniya.

Sai da gero ya fara nuna sannan na ga na farko. Yana tsaye a gefen ruwa shi kaɗai, fari fat, ko motsi ba ya yi. Na daɗe ina kallonsa. Can ya sari ruwa ya ɗago da ɗan kifi. Bayan 'yan kwanaki suka zama uku, sannan biyar. Da yamma sukan tashi a hankali, wuya a naɗe, ƙafafu a miƙe baya, su sauka kan giyayyar tsallake su kwana.

A cikin kwanakin nan ne na yi wautar da ta kusa halaka ni. Wata safiya na hango guda ɗaya tsaye a tsakiyar fadama tsaf, ba gwiwa kaɗai ba, har ƙwaurinsa a waje. Na manta da maganar yawa. Na tuɓe riga na riƙe ta a ka yadda na ga manya na yi, na faɗa ruwa. Ya kawo mini cinya, ya kawo ƙugu, ina cewa yanzu zai ragu. Sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafata. Na sha ruwa na sake sha. Allah ya sa Baffa Isa na yankan ciyawa a kusa, shi ya finciko ni. Ashe tsuntsun a kan wani tsohon suri da ruwa ya rufe yake tsaye.

Na zaci Iya za ta zane ni. Ba ta taɓa ni ba. Ta lulluɓe ni da zanenta a bakin wuta. Ranar ba a yi tatsuniya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da me zan fuskanci ubanka?"

Aka shiga kaka, aka fara yankan gero, tsuntsaye suka yi ta zuwa. Ƙirgata a ashirin take tsayawa, sai in koma farko, har abin ya gagare ni. Fadama ta yi fari kamar an shanya wanki. Giyayya kuwa da magariba ba ka ganin ganyenta. Wata safiya na duba na ga layin ya cika, daga inda nake tsaye har tsallake, kuma ga gwiwar na tsakiya nan a fili. Wannan karon ban shiga ba. Na ruga na jawo Iya.

Ta sa hannu ta kare rana, ta duba ta daɗe. Ta ce, "Da saura."

Washegari ta ce akwai giɓi kusa da giyayya. Wanshekare ta ce na tsakiyar a kan suri yake. Rana ta huɗu ta ce idonta na ciwo. Na yarda da ita, don tun da na sha ruwa na daina yarda da idona. A kwanakin nan ta riƙa ji da ni fiye da kullum. Ta dama mini fura da hannunta, ta soya mini ƙwan zabi a ɓoye, tatsuniya kuma sai wadda na zaɓa. Ta Zalɓe ce kawai idan na nema sai ta kawo wata.

A rana ta tara ina zaune a bakin mashigi sai ga wata Bafillatana mai tallan nono ta taho daga tsallake, ƙwarya a ka, goyo a baya. Ta ɗan tattare zane kawai, ruwan ko gwiwarta bai kai ba. Tsuntsayen na matsa mata suna komawa. Da ta fito na ce, "Inna, yau hanya ta buɗe?" Ta ce, "Yau kuma? Ai na fi mako ina bi ta nan, ɗan yaro."

Ban san lokacin da na isa gida ba. Na tsaya a tsakar gida na ce wa kakata, a gaban kowa, ta yi mini ƙarya. Hansai ta yo kaina za ta make ni, Iya ta ɗaga mata hannu. Ba ta kare kanta ba. Ta juya wajen Baffa Isa ta ce, "Gobe ka kai shi."

Da magariba ta hura wuta kamar kullum, ta buga sanda. Yara suka amsa, ni na ƙi fitowa. Ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, fito. Yau zan ƙarasa maka ta Zalɓe." Na kwanta a kan tabarma na toshe kunnuwana da yatsu, na yi ta gunjin waƙa don kada ko kalma ɗaya ta shiga. Ina jin daɗin fushina a lokacin, ina ganin na rama.

Da sassafe ta rako mu bakin ruwa da sandarta. Ta miƙo mini ƙullin gyaɗa, na ƙi karɓa, Baffa ya karɓa. Muka shiga, ruwa iya cinyata, fararen tsuntsaye dama da hagu suna kallonmu da gefen ido. Na ji muryarta a baya: "Maigida, haka ake tafiya a bar mata ba sallama?" Baffa ya ce in waiwaya in ɗaga mata hannu. Na kafe wuya na ci gaba da tafiya.

Na sami Innata ta tashi, ta rame amma tana dariya, tagwaye sun fara zama. Murna ta mantar da ni komai. Na ce a raina idan aka je da rani zan shirya da Iya, amma da ranin ba a je ba, aka sa ni makaranta. Damina ta gaba, ana tsakiyar marka, Iya Yalwa ta kwanta kwana uku ta cika. Kafin labari ya iso Birnin Kudu an riga an kai ta. Baba ya haye fadama ruwa iya ƙirji ya je gaisuwa. Ni ba a ko yi maganar zuwa da ni ba.

Na girma da wannan tatsuniya a raina ba ƙarshe. Na ɗauka darasinta haƙuri ne, kada a zama Balbela, kuma ina koya wa ɗalibaina hakan da na fara aikin koyarwa. Ƙaryar kwana taran kuwa na ajiye ta a matsayin tsoro, na ce don na kusa nutsewa ne ta ƙi yarda da idonta. Da haka na lallashi kaina shekaru masu yawa.

Sai bayan na yi aure na kai maiɗakina gaisuwa ƙauyen, Hansai ta tsufa ita ma, muna hira na tayar da zancen ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wane tsoro? Tun ranar da ka sha ruwa, kullum da asuba Iya sai ta shiga mashigin nan da sandarta tana lalube ramuka, wai kada ka sake faɗawa. Ta riga ka sanin hanya ta buɗe. Da ƙafarta ta haye ta dawo." Ta ce ranar da hanya ta buɗe Baffa ya yi niyyar kai ni gida, Iya ta kira shi ɗaki ta ce masa, "Isa, ku bar mini shi mako guda. Ban sani ba ko zan ga zuwan tsuntsayen nan na baɗi."

Sai na tambaye ta ko ta tuna yadda tatsuniyar ta ƙare, wadda na toshe kunne na ƙi ji. Ta ce ta tuna, don ranar Iya da ƙarfi ta yi ta, tana fuskantar ƙofar ɗakin da nake. Wai da Zalɓe ya kai tsakiya, ya hango uwarsa a tsallake, sai ya ji kuka a bayansa. Ya waiwaya ya ga 'yan ƙananan halittu cike da bakin ruwa, kowa uwarsa na can, ba wanda ya san zurfin wurin. Ya ga idan ya wuce ba mai nuna musu. Sai ya tsaya a inda yake, ya kira danginsa suka jeru. Kowa ya haye ya tafi gida, shi yana nan tsaye.

Na ce, "Shi ke nan? Bai isa ba?"

Hansai ta ce, "Haka ta ƙare ta. Kuma ranar da kuka tafi, ba ta dawo gida ba sai da rana ta take. Na je kiranta na same ta tsaye a cikin ruwan, tana kallon inda kuka bi."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ban ce Iya ta kyauta da ta ɓoye mini ba, yaro ne ni mai kewar uwarsa, kuma ta sani. Amma tsohuwar da ta yi wata biyar tana share mini hawaye, tana shiga ruwan asuba saboda ni, kwana tara kacal ta ɗiba wa kanta. Ni kuwa na hana ta ko ɗaga hannu. Wannan abu yana ci mini rai har yau, kuma furfurar da ta fara fito mini ba ta rage shi ba.

Yanzu an ɗaga hanya an yi kwalbati a mashigin, babura na wucewa ko da tsakiyar marka. Masu noman rani na jan ruwan da inji, fadama na saurin ƙafewa. Tsuntsayen suna zuwa har yanzu idan kaka ta yi. Shekarar da aka sami ruwa sosai sukan yi yawa, shekarar da aka yi ƙamfar ruwa 'yan kaɗan ne, kuma ba sa daɗewa. Ba mai tambayarsu zurfin ruwa. Yaran ƙauyen ma balbela suke ce musu, nakan tsaya in gyara musu, su dube ni kamar wanda ya zare.

Nakan zauna a bakin ruwan in ƙirga su, in duba gwiwar na tsakiya, in yi wa Iya addu'a. Idan zan koma kuma, da na haye kwalbatin nakan tsayar da babur, in sauka, in juyo in fuskanci ƙauyen. Ba kowa a bakin mashigin sai fararen tsuntsaye tsaye a ruwa. Duk da haka nakan ɗaga hannu in ce, "Iya, na tafi. Sai na dawo."